Layar Zanar Bombay: Inda Fim ɗin Mr. India Ya Yi Ƙarfi da Inda Ya Yi Rauni

Finafinan Indiya sun shigo Arewacin Nijeriya tun wajajen shekarun 1950 ta hannun 'yan kasuwa 'yan asalin Labanan, waɗanda Hausawa ke kira Kwarori, masu gidajen silima da harkar rarraba finafinai, kuma tun daga lokacin ba su sake fita ba, sai dai hanyar kallonsu da ta yi ta sauyawa daga allon silima zuwa kaset ɗin bidiyo, daga kaset zuwa faifai, daga faifai kuma zuwa wayar hannu. A Jimeta, garin kasuwa da ofisoshi da ke gaɓar kogin Binuwai, wanda ya zama tagwai da tsohon birnin Yola da Modibbo Adama ya kafa a 1841, ana iya ganin wannan tarihin a dunƙule, domin sunan Lamido Cinema ya saura a bakin mutane ko da yake an fi jin sa a labaran tarukan siyasa, yayin da masu tura fim a waya suka gaji aikin da masu hayar kaset suke yi a da. Hausa ce harshen cinikin garin tare da Fulatanci, don haka fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa, wadda kamfanoni irin su Algaita da ke Kano suka yi fice a kanta, ta sami kunnuwa a nan kamar yadda ta samu a Kano da Zariya.

Mafi yawan abin da ake kallo labaran soyayya ne da ramuwar gayya da rikicin gado, amma akwai ƙalilan da suka faɗa rukunin da ake kira ƙagaggen labarin kimiyya, wato labarin da ake jingina abin al'ajabin da ke cikinsa ga wata na'ura ko binciken masana maimakon a jingina shi ga tsafi ko aljanu. Fitacce a cikinsu shi ne Mr. India, wanda ya fito a 1987, Shekhar Kapur ya ba da umarni, Boney Kapoor ya shirya, Salim Khan da Javed Akhtar kuma suka rubuta labarin, wanda shi ne na ƙarshe da ya fito ɗauke da sunayensu tare. Jigon fim ɗin shi ne mutumin da ke ɓacewa daga idon jama'a alhali yana tsakiyarsu, abin da Bahaushe bai taɓa ɗauka baƙo ba, tunda yana da layar zana, wadda ake cewa mai ita yana ɓacewa idan abin tsoro ya taso, yana kuma da baduhu, wanda ake dangantawa da masu yawon dare. Bambancin dai yana nan. Wanda aka ba labarin layar zana ba ya tambayar yadda take aiki, domin asiri sunansa asiri, shi kuwa fim ɗin da ya ce na'ura ce ta yi aikin ya ba mai kallo izinin tambaya da kansa, kuma da wannan izinin ne ya kamata a auna shi. Adabin Hausa ma ya taɓa ƙagaggen labarin kimiyya, domin Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Arun Verma, wanda Anil Kapoor ya fito a matsayinsa, talaka ne mai kaɗa goge irin na Turawa, yana riƙe da tarin marayu a wani tsohon gida da ke bakin teku a Bombay, bashin mai shago da kuɗin haya sun yi masa katutu, har ta kai ya ba da hayar ɗaki ɗaya ga wata 'yar jarida mai suna Seema, wadda Sridevi ta fito a matsayinta. A can wani tsibiri kuma akwai Mogambo, bos ɗin fim ɗin, wanda ke neman mallakar Indiya ta hanyar safarar makamai da lalata abincin jama'a da hura wutar fitina, kuma yaransa Daaga da Teja suna son ƙwace gidan marayun don su mayar da shi ma'ajiyar makamai. Ana cikin wannan matsi ne wani tsohon abokin aikin mahaifin Arun, Farfesa Sinha, wanda Ashok Kumar ya fito a matsayinsa, ya tona masa cewa mahaifinsa masanin kimiyya ne da ya ƙera wata na'ura mai kama da agogon hannu, wadda duk wanda ya ɗaura ya kunna zai ɓace shi da tufafinsa, sai fa idan jan haske ya sauka a kansa ko an dube shi ta cikin jan gilashi.

Wannan sharaɗi na jan haske shi ne dabarar da ta fi kowace riƙe fim ɗin, kuma duk wanda ya tashi da tatsuniya da labaran jarumai ya san dalili. Jarumin da babu abin da ke iya taɓa shi ba ya riƙe mai sauraro, shi ya sa a labaran Hausa kowane asiri yake zuwa da makarinsa, kowane gagararre kuma yake da lagonsa, wato wurin da idan aka gano shi ƙarfinsa ya ƙare. Da marubutan suka sanar da mai kallo lagon tun da wuri, sai suka mayar da kowace jar fitila da kowane ɓallin jan gilashi abin faɗuwar gaba, ta yadda mai kallo yake riga jarumin hango haɗari, yana kuma jiran ranar da abokin gaba zai gano abin da shi ya daɗe da sani. Yaro ɗan firamare yana kama wannan doka a zama ɗaya, ba ya bukatar a yi masa bayanin lissafi.

Ƙarfi na biyu, wanda ya fi na farko zurfi, yana cikin abin da jarumin ya zaɓi yi da ɓacewarsa. Akwai wurin da Teja yake zaune a gidan cin abinci na masu hali, an cika masa tebur da girke-girke, shi da ya tara dukiyarsa ta hanyar algus, wato cakuɗa hatsi da tsakuwa don nauyinsa ya ƙaru. Mutumin da ba a gani ya tilasta masa cin irin abin da yake sayar wa talakawa, sa'an nan teburin da ke cike da abinci ya tashi kamar da kansa ya nufi wasu bayin Allah da ke zaune a gefen titi da yunwa. Wannan fage bai bukaci fassara ga wanda ya taɓa zama yana tsince tsakuwa daga mudun shinkafa, ko ya sayi manja ya tarar an sirka shi, kuma a nan ne ake gane abin da marubutan suke nufi da ɓacewa. Arun ɓatacce ne tun kafin ya sami na'urar, domin mai shago da mai gidan haya da masu mulki ba sa ganinsa sai ranar karɓar bashi, abin da na'urar ta yi kawai shi ne mayar da rashin ganin nan makami a hannunsa. Sunan da ya laƙaba wa kansa, Mr. India, wanda ke nufin ɗan ƙasa gama-gari, yana ƙarfafa wannan ma'anar, kuma ita ce ta sa fim ɗin ya iya tafiya daga Bombay zuwa gaɓar Binuwai ba tare da ya rasa masu fahimtarsa ba.

Ta fuskar sana'a kuwa, duk fim ɗin ɓacewa yana fuskantar matsala guda, ita ce yadda za a nuna wa ido abin da aka ce ido ba ya gani, kuma mafita ita ce sawu, kamar yadda mai bin sawun ɓarawon shanu yake karanta mutum daga abin da ya bari a ƙasa. Kujera ta motsa, ƙofa ta buɗe, bulala ta tashi sama, mugu ya sha mari daga iska. An yi Mr. India kafin kwamfuta ta karɓe wannan aiki, saboda haka Peter Pereira, gwanin dabarun hoto wanda ya jagoranci wannan ɓangare, ya dogara ga zaruruwa da haɗa hoto a kan hoto da kuma tsayar da kyamara a cire mutum a ci gaba da ɗauka, dabarar da Georges Méliès na Faransa ya yi suna da ita tun 1896, wadda kuma har yanzu ita finafinan Kannywood ke amfani da ita idan boka ko aljani zai ɓace. Kakan wannan salo shi ne The Invisible Man na 1933, wanda James Whale ya ɗauko daga littafin H. G. Wells na 1897, inda aka lulluɓe ɗan wasa Claude Rains da baƙin karan-miski a gaban baƙin bango domin tufafinsa kaɗai su fito. Ko shi bai tsira daga kuskure ba, domin a ƙarshensa mutumin da ya tuɓe komai don ya ɓace ya bar sawun takalmi a kan dusar ƙanƙara.

Amrish Puri a matsayin Mogambo ya kai matakin da sunan ya kusa shafe nasa na yanka a wajen masu kallo da yawa, da kayan sarautarsa na soja da zobbansa da wata jumla da yake maimaitawa duk sa'ad da ya ji daɗi, sai dai mugunta ce irin ta tatsuniya, wadda ake gabatarwa da mabiya suna faɗawa tafkin ruwan guba da umarninsa. Sridevi kuma, musamman inda ta kwaikwayi Charlie Chaplin a gidan caca, ta nuna cewa gwanintar barkwancinta ta fi ƙarfin matsayin da aka rubuta mata.

Idan aka juya ga kimiyyar da fim ɗin ya jingina da ita, jan hasken da ya riƙe labarin shi ne farkon abin da ke faɗuwa. Isaac Newton ya nuna tun shekarun 1660 cewa farin haske taron launuka ne, waɗanda ake gani a rarrabe a jikin bakan gizo, kuma ja ɗaya ne daga cikinsu. Hasken rana yana ɗauke da ja da yawa, haka ma ƙwan lantarki da fitilar ƙwai, saboda haka jikin da ke mayar da jan haske zuwa ido ba shi da inda zai ɓuya da rana tsaka, abin da ya kamata a gani shi ne wata jar inuwar mutum tana yawo a titi, ta ƙara fitowa fili da yamma lokacin da rana ke faɗuwa ta yi ja. Batun jan gilashi ya ma fi rauni, domin gilashi mai launi ba ya ƙara komai a cikin haske, aikinsa tacewa ne, yana tare sauran launuka ya bar ja ya wuce. Duk abin da aka gani ta cikinsa yana isowa ido tun kafin a ɗaga gilashin.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan girma, wadda ta shafi kusan dukkan finafinan ɓacewa. Ana ganin abu ne idan ya shanye haske, ko ya mayar da shi, ko ya karkatar da shi. Karkatar haske ita ce abin da ke sa filafilin kwalekwale ya zama kamar ya karye a daidai inda ya shiga ruwan Binuwai, ita ce kuma ke haifar da kawalwalniya a kan kwaltar hanyar Numan a watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Yola kan haura digiri 40, iskar da ke dab da kwalta ta yi zafi ta lanƙwasa hasken sama har ya zama kamar ruwa kwance. Masana suna auna wannan ƙarfin karkatarwa da lamba, ta iska kusan 1 ce, ta ruwa 1.33, ta gilashi kuwa wajen 1.5. Idan lambar abu ta yi daidai da ta abin da ke kewaye da shi, kuma ba shi da launi, sai ya ɓace, kuma ana iya gwada hakan a kowane ɗakin gwaje-gwaje na sakandare, ba sai an je sashen kimiyyar lissafi da haske na Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei ba: a tsoma siririyar kwalbar gwaji mai jure wuta a cikin tataccen man gyaɗa, a bar man ya cika ta, za a ga gefunanta sun narke a ido har kusan babu alamarta, saboda lambobin biyu duk suna wajen 1.47. A kan wannan ne Wells ya gina labarinsa, inda masaninsa Griffin ya kawar da launin jininsa ya kuma daidaita jikinsa da iska. Amma ido yana gani ne saboda gabansa yana karkatar da haske ya tattara shi, tantanin da ke bayansa kuma ya shanye shi ya aika saƙo ƙwaƙwalwa, idan kuwa haske ya ratsa ido ya wuce, ko ya kewaye mutum gaba ɗaya, to babu abin da ya rage da za a gani da shi. Marubucin kimiyya ɗan Rasha Yakov Perelman ya bayyana wannan tun farkon ƙarni na 20, cewa cikakken ɓataccen mutum makaho ne. Arun kuwa yana gudu yana duka yana kallon Seema, fim ɗin bai ko ɗaga gira ba. Gwajin da masana suka yi a Jami'ar Duke ta Amurka a 2006 ya yi nasarar kewayar da wani nau'in igiyar rediyo a gefen ƙaramin abu, ba hasken da ido ke gani ba, shi kuwa The Invisible Man na 2020, wanda Leigh Whannell ya ba da umarni, ya kauce wa tarkon ta hanyar sanya wa mugunsa riga mai ɗaruruwan ƙananan kyamarori, wadda aƙalla ta ba shi hanyar gani.

Ana iya yafe wa fim kuskuren kimiyya idan ya riƙe dokar da ya kafa wa kansa, kuma Mr. India ya riƙe tasa. Raunin da ya fi wuyar yafewa yana cikin halin jarumin. Tun a littafin Jamhuriya na Aflatun aka kawo labarin wani makiyayi mai suna Gyges, wanda ya tsinci zoben ɓacewa ya yi amfani da shi ya kashe sarki ya gaje gadonsa, aka kuma yi tambayar ko mutum yana kyautatawa ne don kirki ko don tsoron ido. Tambayar ba baƙuwa ba ce a Adamawa, inda tarbiyyar Fulani ta pulaaku ta ɗora nauyi mai yawa a kan semteende, wato kunya da kamun kai a gaban mutane, ita ma tarbiyyar Hausa ta sa kunya cikin siffofin mutumin kirki, kamar yadda Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a lardin Adamawa ya kuma rubuta tarihinsa a 1958, ya tattauna a nazarinsa na 1974. Malamai kuma suna karantar da muraƙaba, wato kiyaye cewa Allah yana gani ko da babu idon kowa. Labarin ɓacewa shi ne wurin da ya fi dacewa a gwada wannan duka, amma Arun, mutumin da yaransa suka kwana da yunwa, bai taɓa tsayawa ko na daƙiƙa ɗaya a gaban akwatin kuɗin wani yana kokawa da zuciyarsa ba. Nagari ne kafin na'ura, nagari ne bayanta, don haka na'urar ta sauya abin da yake iyawa ba tare da ta taɓa shi kansa ba.

Hollow Man na 2000, wanda Paul Verhoeven ya ba da umarni, ya faɗa ramin da ke ɗaya gefen. Kwamfuta ta ba shi damar nuna jiki yana ɓacewa daki-daki, fata ta tafi, tsoka ta bi, jijiyoyi da ƙashi su biyo baya, aikin da ya kai shi takarar kyautar Oscar ta dabarun hoto, wadda Gladiator ya lashe. Amma masanin da Kevin Bacon ya fito a matsayinsa, Sebastian Caine, mai girman kai ne da leƙen matan mutane tun kafin a yi masa allurar, saboda haka lalacewarsa ba ta ba kowa mamaki, kuma kashi na ƙarshe na fim ɗin ya koma farautar mutane a ɗakin bincike na ƙarƙashin ƙasa, inda wuta da lantarki suka kasa kashe shi ba tare da wani dalili ba. Finafinan biyu sun yanke wa jarumansu hukunci tun kafin gwaji, ɗaya waliyyi ɗaya shaiɗani.

Sauran raunin na gini ne. Fim ɗin ya kusa awa 3, kuma an daɗe ana barkwancin yara da mai dafa abinci Calendar kafin na'urar ta bayyana. Mutuwar ƙaramar yarinya Tina, wadda bom ɗin da aka ɓoye a cikin abin wasa ya kashe, tana da nauyin da ya girgiza masu kallo, amma tana zaune a fim ɗaya da raye-raye da wasan kwaikwayon ban dariya, ba tare da an ba baƙin cikin isasshen wuri ba. A waƙar rawar Sridevi da ta fi shahara kuwa, an shafa wa masu taya ta rawa baƙin fenti a fuska don a yi nishaɗi, abin da ɗan Afirka mai kallo yake da haƙƙin ƙyamata ko da ya so sautin.

Ƙarshen fim ɗin ya tattara ƙarfin da raunin wuri guda. Mogambo ya kama Arun da Seema da yaran, ya kuma gano lagon, sai ya sa aka kunna jajayen fitilu a fadarsa, alƙawarin da labarin ya ɗauka tun farko ya cika, mutumin da ba a gani ya fito fili a gaban maƙiyinsa. A nan Arun ya kashe na'urar da hannunsa ya fuskanci Mogambo a matsayin talakan da yake tun asali, wanda shi ne daidai da ma'anar da marubutan suka gina tun daga teburin Teja. Sai dai daga wannan lokacin kimiyya ta fita daga fim ɗin, abin da ya rage shi ne dambe irin wanda ake rufe kowane fim ɗin Bombay na shekarun 1980 da shi, mai kaɗa goge ya doke shugaban runduna da ƙulli, makamai masu linzami huɗu da aka saita kan Indiya suka tarwatse a inda suke, tsibirin ya kama da wuta, jarumin da marayunsa suka fita lafiya.